Hoton da Yurnalis Ya Roƙa

Duk wanda ya yi katin shaida ko ya aurar da 'ya a garin Sungai Tarab cikin shekara talatin da suka wuce, da wuya a ce bai zauna a gaban Yurnalis ba. Shagonsa yana kan hanyar Batusangkar, tsakanin mai gyaran babur da rumfar shan kofi. Ɗaki ne guda, da labule shuɗi da labule ja, sai kujerar da ƙafarta ɗaya ta fi sauran gajarta. Shi kansa gajere ne, da ɗan tumbi, ba ya ɗaga murya. In ya ce maka “ɗaga haɓa kaɗan,” sai ka ji kamar alfarma yake nema.

Yana ɗan shekara goma sha tara ya koyi sana'ar a Bukittinggi, zamanin da ake murɗa gilashin kyamara da hannu har sai fuska ta fito tar. Hoton wanda ke zaune bai taɓa ba shi wahala ba. Amarya da kambinta mai nauyi, alhazai masu shirin tafiya, jariri a cinyar kaka, duk ya iya da su. Abin da ya hana shi sakat tun yana saurayi shi ne tseren shanu.

Bayan an girbe shinkafa sai a saki ruwa a fadama har ta koma kunun taɓo, ranar Asabar a kawo bijimai bibbiyu. Mahayi ya taka katakon da aka rataya wa kowanne, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ya damƙe wutsiyoyinsu, a sake su. Kowa shi kaɗai yake yin gudunsa, jama'a na bakin fadama suna duba wanda shanunsa suka miƙe sak ba su rabu ba. A cikin mahayan yankin kuwa babu wanda ake yi wa ihu kamar Marjohan, yayan Rosmaniar matar Yurnalis.

Tun kafin su zama surukai abokai ne. Marjohan ne ma ya shige masa gaba lokacin da dangin Rosmaniar suke cewa mai hoto ba shi da gona, ba shi da saniya, da me zai riƙe mace. Dogo ne, taba ta rina masa haƙora, dariyarsa kuma ana jin ta daga tsallaken kogi. In shanu suka yi sanyi a tsakiyar gudu, sai ya sunkuya ya gantsara wa ɗaya cizo a wutsiya, fili ya ruɗe.

Shekara ashirin da wani abu Yurnalis yana tsaye a bakin fadama da kyamara, amma bai taɓa samun fuskar Marjohan ta fito sosai a cikin gudu ba. Tsohuwar kyamararsa abin da ya fi kusa take kamawa: feshin taɓo, ko hancin bijimi, ko ƙaho. Ga madubin cikinta da ke ɗagawa duk sanda ya danna, ido ya yi duhu na ƙiftawa ɗaya, kafin ya sake gani mahayi ya wuce. Sai a wanko hoto, taɓo ya fito ɗigo-ɗigo kamar a taɓa, mutumin da ke baya kuma dishi-dishi.

“Nalis, wannan ni ne ko fatalwar kakana?” Haka Marjohan yake cewa a rumfar kofi, yana ɗaga hoton kowa ya gani. “Hancin saniya dai ka iya shi. In ta tashi yin fasfo sai mu kawo ta.”

Yurnalis yakan yi dariya tare da su, amma abin yana ci masa rai.

Da Marjohan ya haura hamsin gwiwarsa ta fara kumbura. Matarsa Darnis ta sa shi ya yi alkawari a gaban dangi, ranar ƙaramar Salla, cewa ya sauka ke nan. Ya koma kiwon bijimansa biyu, wasu suna hawa, shi yana bakin fadama yana zaginsu. Shekara uku ya riƙe alkawarin nan.

A shekara ta ukun ne idon Yurnalis ya fara gajiya, har wasu hotunan biki suka lalace masa. Ya hau mota zuwa Padang ya shiga shagon kyamarori. Mai shagon ya miƙo masa wata 'yar ƙarama, mara nauyi, yana ce masa Pak, wato malam.

“Wannan babu madubi a cikinta, Pak. Abin da za ta ɗauka shi kake gani, ba ta ƙiftawa. Ka zaɓa mata: mutum, ko dabba, ko mota. Ka ga ɗan akwatin nan kore? Da ya hau idon mutum, riƙe maɓallin kawai. Ko gudu yake, ko juyawa, ko wani ya gitta, ba za ta sake shi ba.”

Ya fita ƙofar shago ya gwada a kan wata mata da ke tsallaka titi. Akwatin ya ɗafe a idonta ya bi ta, mota ta shiga tsakani, ta wuce, yana nan a manne. Yurnalis ya sauke kyamarar ya ce, “Subhanallahi.” Ya saya.

Mako guda bai bar kowa ya huta ba. Ya bi kaji, ya bi kyanwar maƙwabta, ya bi Rosmaniar daga rijiya zuwa madafa, har ta ɗaga masa ludayi ta ce in ya sake nuna mata abin nan tana soya barkono, a cikin kaskon za ta tsoma shi. Asabar ta farko da ya je fadama ya dawo da fuskokin mahaya kamar a gaban labulensa suka zauna: ana ganin jijiyar wuya, ana ganin taɓon da ya maƙale a gashin ido. Kyamarar ba ta ko ƙara, hoto ashirin take ɗauka kafin ka ce Bismillahi.

Ranar Litinin ya kai wa Marjohan su a rumfar kofi. Marjohan ya daɗe yana kallo, ya ture kofin shayinsa mai ƙwai gefe.

“Ka ga wannan yaron ko tsayuwa bai iya ba, amma dubi yadda ya fito kamar jarumi,” in ji shi. “Ni da na yi shekara talatin ina cin taɓo, ba ni da ko ɗaya.”

A nan ne Yurnalis, da yake kiransa Uda, wato yaya, ya faɗi abin da ya kwana biyu yana juyawa a ransa.

“Uda Johan, sau ɗaya kawai.”

“Sau ɗaya me?”

“Ka hau. Gudu ɗaya. In samu fuskarka, shi ke nan, jikokinka su san waye kakansu.”

“Kana so Darnis ta yi dambun nama da ni ke nan.”

“Ai ranar Asabar tana kasuwa. Kafin ta dawo ka yi wanka ka sa riga.”

Marjohan ya shafa gwiwarsa ya ce a'a. Yurnalis bai bari ba. Ya koma washegari, ya koma jibi. Mutumin da bai iya matsa wa kowa ba, a kan wannan sai ga shi da naci kamar kaska. Har ya ce masa, cikin wasa, ko dai tsoro ne ba gwiwa ba. Yana faɗa ya ga fuskar Marjohan ta canza, ya kuma san ya same shi.

Ranar Asabar aka yi rana mai kyau, Dutsen Marapi ya fito sarai babu gajimare. Makaɗa suna ta buga 'yan tasoshinsu na tagulla, mata na sayar da soyayyar ayaba. Yurnalis ya zaɓi ƙarshen fadama, daidai inda shanu ke tsayawa, don yana so su taho masa gaba da gaba. A wurin akwai maza huɗu da aikinsu shi ne tare bijimai in sun iso, su kama igiyar hanci. Ya leƙa cikin kyamara ya ga kafaɗunsu suna shigowa.

“Don Allah ku ɗan matsa can gefe, kuna shiga hoton. Na wannan gudun kaɗai.”

Suka dube shi, suka dubi juna. Kowa ya san Pak Yurnalis, shi ya ɗauki auren uku daga cikinsu. Suka haura kan kunyar gona suka matsa kamar taki goma sha biyar.

Da mai shela ya kira sunan Marjohan fili ya ɗauki sowa. Aka saki shanun. Akwatin kore ya tsallake ƙahoni, ya tsallake feshin taɓo, ya sauka a idon Marjohan na hagu ya zauna. Yurnalis ya danna ya riƙe. Ya ga bakin nan a buɗe da dariya, ya ga ya sunkuya ya ciji wutsiya, ya ga ya miƙe. Abin da ya yi rabin rayuwarsa yana nema ga shi yana tahowa, tar, yana ƙara girma.

Saura kaɗan su iso bijimin dama ya fizga waje. Ƙafafun Marjohan suka buɗe, gwiwar nan ta ƙi ɗauka, ya faɗi ta baya, ƙafarsa ɗaya ta sarƙe a cikin katakon. Shanun ba su tsaya ba. Suka ja shi a cikin taɓo, suka yi kwana a ƙarshen fadamar inda ya kamata a tare su, suka maka shi da gindin kunyar gona.

Yurnalis ne mafi kusa. Tsakaninsa da igiyar hancin bijimin hagu bai fi taki uku ba. Bai motsa ba. Idonsa na cikin kyamara, akwatin na kan idon Marjohan, yatsarsa na kan maɓalli. Sai da mazan nan huɗu suka diro suka banke shi gefe sannan ya ɗaga yatsar.

Ƙugu ya karye wuri biyu. Aka kai shi asibiti a Batusangkar, daga can aka wuce da shi Padang aka sa masa ƙarfe. Da Darnis ta iso, da kwandon kasuwa har yanzu a hannunta, Yurnalis yana tsaye a bakin gado. Ba ta yi kuka ba, ta tsaya tana kallon mijinta.

“Wa ya sa ka?”

“Wa zai sa ni, yaro ne ni?” in ji Marjohan, murya a shaƙe. “Na ji kiɗa ne ƙafata ta yi ƙaiƙayi. Ki yi faɗanki da ni.”

Yurnalis ya matso kusa da Darnis. Ya karɓi kwandon daga hannunta ya ajiye a ƙasa.

Sai bayan kwana biyu ya iya duba hotunan. Ya buɗe shago da sassafe, ya ja ƙofa, ya zauna a kan gurguwar kujerar. Daga faɗuwar zuwa sanda aka banke shi, hoto saba'in da huɗu ne, babu ko ɗaya da ya yi dishi. A cikin na farko-farko Marjohan yana neman abin kamawa. Daga nan sai idon ya juyo ya kalli kyamarar sak, bakin ya buɗe, harshe ya taɓa dasashi. Yurnalis ya yi gaba ya yi baya da su, leɓɓan suna motsi a hankali. Sunansa ake kira.

Ya so ya ɗora wa kyamarar. Ya ce a ransa ita ce ta riƙe, ita ce ta ƙi saki. Amma ya san aikinta ido kawai ta bi, yatsar tasa ce. Da tsohuwar ce ma da ya ce duhun madubi ya ɓoye masa. Wannan ba ta ɓoye masa komai ba, ya gani daga farko har ƙarshe, kuma akwai wani lungu a zuciyarsa da yake cewa a lokacin: kada ka saki, yana fitowa da kyau. Wannan lungun ne ya fi tsaya masa a wuya. Ya zare katin hotunan daga kyamarar ya sa a ambulan, ya tura ƙarƙashin tsofaffin hotunan fasfo da ba a zo karɓa ba.

Daga ranar ya ɗauki yankan ciyawar bijiman Marjohan. Kullum bayan sallar asuba yana bakin rafi da lauje, shi da bai taɓa riƙe lauje ba, hannunsa duk ya yi kanta. Shi ke ɗauko Marjohan a mota zuwa gashin ƙashi, shi ke tallabe shi zuwa bayi. Mutane suka fara magana. A masallaci wani dattijo ya dafa kafaɗarsa ya ce irin wannan suruki sai an tona. Rosmaniar ta riƙa ƙara masa nama a kan shinkafa tana cewa, “Uda Nalis, Allah ya saka maka, ka rufa mana asiri.” Sai ya ture naman gefe, ya sha ruwa.

A wajen aiki kuma ya kashe abin bin idon, ya koma saitawa da kansa. Biki biyu ya yi haka. A na biyun uwar amarya ta dawo masa da hotunan shigowar ango ta ce, “Pak, wannan surukina ne ko hayaƙi?” Ya ba ta haƙuri, ya kunna abin ya ci gaba da sana'arsa. Duk sanda akwatin ya hau idon wani sai ya tuna da Marjohan, amma yana dannawa.

Wata biyar aka yi a haka. Wata ranar Asabar da hantsi ya sauke ciyawa zai tafi, Marjohan ya kira shi daga baranda, inda yake zaune da sandarsa a jingine.

“Nalis. Ina hotona?”

“Wane hoto, Uda?”

“Kada ka raina mini hankali. Na ba da ƙugu guda, a ce ko hoton ban gani ba? Ko shi ma hancin saniya ka ɗauko?”

Yurnalis ya hau babur ya je shago ya dawo da kyamarar da katin. Ya nuna masa inda ake murzawa, ya koma kan matakala ya zauna ya ba shi baya. Da farko yana jin dariya. “Kai! Dubi tsohon nan! Wallahi na fi yaran nan kyan tsayuwa.” Can dariyar ta ɗauke. Babu abin da ake ji sai ƙaramar ƙarar murzawa, ɗaya bayan ɗaya, har ta tsaya.

“Ka ji na kira ka?”

“Na ji.”

“Sau nawa?”

“Biyu.”

“Uku ne.” Marjohan ya ajiye kyamarar a cinyarsa. “Da ka shigo ma tattake ka za su yi, kai da wannan tumbin.”

“Wataƙila.”

“Wataƙila. Amma da na so ka gwada.”

Yurnalis ya sa fuska a tafin hannu. Ya ce, “Uda, ni na kori masu tarewa. Na ce suna shiga hoto.”

“Na gan su a kan kunya tun ina taka katako. Na san aikinka ne. Na kuma hau.” Ya shafa ƙugunsa. “Rabi naka, rabi nawa. Nawa na yafe wa kaina tuni, ka san ni ba na riƙe kaina da laifi. Naka kuma ka ba ni lokaci.” Ya murza baya ya tsaya a kan wanda ya miƙe bayan cizon wutsiya, baki buɗe, taɓo ya tashi ta gefe biyu. “Wannan ka wanko mini babba. Sauran kai ka san yadda za ka yi da su.”

Suna nan Darnis ta shigo daga kasuwa, Rosmaniar na biye da ita da ƙullin kifi. Marjohan ya yi saurin tura kyamarar bayan matashi, ya harari Yurnalis. Yurnalis ya miƙe tsaye ya fuskanci Darnis, da yake kira Uni, wato yaya mace.

“Uni, ina da magana.”

“Nalis, zauna,” in ji Marjohan.

Bai zauna ba. Ya faɗa mata duka, a tsaye, yana kallon ƙasa: nacin kwana uku, maganar tsoro, mazan da ya matsar, da yatsar da bai ɗaga ba. Darnis ta saurara har ya gama, ta sauke kwandonta.

“Matar ɗaya daga cikin masu tarewar ta faɗa mini tun makon farko,” ta ce. “Jira nake in ga wata nawa za ka yi kana shan kofina kana shiru. Biyar.” Ta juya ga mijinta. “Kai kuma da ƙaryarka a kan gadon asibiti, kana tsammani ban san ka ba?”

Rosmaniar ce ba ta sani ba. Ta dubi mijinta kamar yau ta fara ganinsa, ta ajiye kifin a kan matakala, ta fita ba ta yi sallama ba. Kwana huɗu tana ajiye masa abinci a rufe ba ta ce masa uffan. A na biyar, yana ɗaura lauje a babur, ta ce daga bakin ƙofa, “Da ni ka fara faɗa wa.” Ya ce haka ne. Ta miƙo masa hularsa da ya manta.

Ya wanko hoton babba ya sa masa gilashi. Darnis ta ce ba zai shiga gidanta ba, don haka a rumfar kofi aka rataye shi. Sauran saba'in da huɗun bai goge ba, bai kuma sake buɗe su ba.

Marjohan yana tafiya yanzu, da sanda, yana jan ƙafar dama. Ba ya iya durƙuso, a kan kujera yake salla a ƙarshen sahu, Yurnalis ne ke ɗauko masa kujerar. Suna zama a rumfar kofi kamar da, Marjohan na tsokana ana dariya, sai dai wani lokaci yakan yi shiru a tsakiyar hira yana murza ƙugu, Yurnalis kuma ya rasa inda zai sa idonsa. Bai sake tambayarsa ko lokacin da ya nema ya cika ba.

Bara aka sayar da bijiman biyu, don babu mai kula da su yadda ya kamata. Wani mutumin Payakumbuh ya zo da mota ya kwashe su. Marjohan bai fito ba, Yurnalis ne ya ja su ya hau da su. Da motar ta tafi Darnis ta same shi a bakin garke yana wanke ƙafa.

“To, ciyawa ta ƙare,” ta ce. “Ka huta.”

“Uni, ranar Laraba akwai komawa wajen likita.”

“Ƙarfe tara ne. Kada ka makara, ka san shi da mita.”